Kwalba a Sharar Ranar Talata

"Ta hagu za ka riƙe ni, jaki. Ba ka ga babu komai a dama ba?"

Chencho ya sauya hannu, ya tallafo Don Fidencio ta hammatar hagu, suka ci gaba da hawa. Ɗakin tsohon a kan rufin gidan haya yake, matakalar kuwa ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa sai a karkace. Nauyi dai babu. Mutumin da a da yake ɗaga ganga cike da shara shi kaɗai ya juye ta a mota, yau bai fi buhun gwangwani ba. An yanke masa hannun dama daga ƙasan gwiwa, an naɗe dungun da bandeji, bandejin har ya fara canza launi.

Doña Leocadia, matar tsohon, tana gaba da ledar magunguna. Matan gida sun fito ƙofar ɗakunansu sun yi cirko-cirko. Hermelinda, matar Chencho, ita ce ta yi ƙarfin halin tambaya daga ƙasa.

"Don Fide, me likita ya ce?"

"Ya ce in je gida in huta. Shekara talatin da huɗu ina neman hutu, sai da na ba su hannu suka ba ni."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san ma'anar irin wannan sallamar. Gubar ta shiga jini, ƙoda ta ƙi aiki, 'yan asibiti kuma suna buƙatar gadon.

A wannan ɓangaren na unguwar Iztapalapa ba wanda bai san Don Fidencio ba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai ƙararrawa. Kullum da safe yakan riga motar shara shiga layi, yana tafe yana kaɗawa, mata su fito da bokitai da ledoji. In motar ta iso sai ya rataye ƙararrawar, ya haye baya, ya shiga buɗe ledoji: kwali nan, gwangwani can, gorar roba a babban buhu, busasshiyar tortiya, wato wainar masara, a wani buhun daban don masu kiwon aladu. Da abin da ya tsinta yake ci. Direba ne kaɗai ma'aikacin gwamnati a motar. Shi Don Fidencio ɗan sa-kai ake ce masa, sunansa ba ya cikin kowace takarda.

Da aka kawo dokar raba shara, aka ce Talata da Alhamis da Asabar ragowar abinci kawai za a ɗiba, sauran ranaku kuma busasshiyar shara, mutane sun ɗauka irin surutun nan ne na kowace shekara. Shi ne ya ɗauki abin da zafi kamar a gidansu aka yi dokar. Gida-gida ya bi. Ya nuna wa mata yadda ake zuba fasasshiyar kwalba a kwalin madara, a toshe bakin, a yi alama a jiki. Har suna suka sa masa, Minista. In ka kawo masa gauraye sai ya miƙo maka abinka a gaban jama'a.

Chencho yana da rumfar tako a ƙofar gidan, inda yake sayar da soyayyen nama a naɗe cikin tortiya. Don Fidencio ne ya riƙe 'yarsa ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. Duk kwalin da ya shigo rumfar, duk gwangwani, na tsohon ne, ba a ba kowa.

To, wata ranar Litinin da yamma, wata biyu da suka wuce, babbar kwalbar barkonon tsami ta suɓuce daga hannun Chencho ta tarwatse a ƙasa. Ya share. Washegari Talata, motar ba za ta karɓi kwalba ba. Akwai kwalin madara a ƙarƙashin tebur, ya gan shi da idonsa. Ba wani dalili, ba uzuri. Ya gaji ne kawai, ƙafarsa na ciwo, yana so ya rufe rumfa. Ya juye tarkacen cikin ledar ragowar abinci, ya zuba ɓawon albasa da guntayen tortiya a kai, ya ɗaure. Da safe shi da kansa ya miƙa wa tsohon ledar, har da tsokana: "Ranka ya daɗe Minista, ga harajinka."

Yana cikin suya ya ji motar ta tsaya a kwana, ta daɗe ba ta tashi ba.

Tsakanin babban yatsa da manuni kwalbar ta shiga. Tsohon ya matsa lemun tsami a wurin, ya ɗaure da tsumma, ya ƙarasa aikin ranar, ya yi na washegari. Ga ciwon suga. Sati uku aka cire yatsa. Daga yatsa sai tafin hannu, daga nan sai inda aka tsaya yanzu.

Chencho bai gaya wa kowa ba. Ko Hermelinda.

Suka kwantar da shi a gadon ƙarfe, kusa da taga. A waje kan rufin, tarin kwali ne a ɗaure da igiya, da buhunan gorar roba da ba a samu kaiwa wurin awo ba. Doña Leocadia ta gyara masa matashi, ta juyo ga Chencho.

"Allah ya saka maka, kompadre. Da ba kai ba, ban san yadda zan yi ba." Ta leƙa taga, ta nuna kantin giyar da ke tsallaken titi da haɓa. "Shi kuma wancan, da shi da kwalabensa, Allah na kallonsa. Jiya ma na tofa masa yawu a ƙofa."

"Kin tabbata shi ne?" in ji Chencho.

"Wa ke da kwalba a layin nan in ba shi ba?"

Tsohon ya rufe ido.

Daga ranar, kullum da hantsi Chencho yakan bar wa Hermelinda rumfa ya hau da kwanon romon kaza. Tsohon ba ya shan fiye da cokali uku. Sauran Doña Leocadia ce ke sha a tsaye, tana cewa kar ya lalace. Kullum da maganar a bakinsa yake hawa, tun daga matakalar farko yake shirya ta, kullum kuma da ita yake sauka. Ko dai matar na nan, ko 'yan dubiya, ko tsohon na barci baki buɗe. Ranar da ya same shi shi kaɗai ma, sai ya tsinci kansa yana ba shi labarin ƙwallo.

"Mijin nan nawa zuciyar zinariya gare shi," in ji Hermelinda ga masu sayen tako. "Ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai yi ke nan."

"Ki yi shiru ki juya naman nan," in ji Chencho.

Ranar Laraba Tiburcio, direban motar, ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya cika ɗakin da ƙatuwar muryarsa.

"Tsohon banza, kana nan kwance kamar sarki, ka bar ni da kaɗa ƙararrawa ta taga. Ina tuƙi da hannu ɗaya kamar kai."

"Shi ya sa nake jin kamar akuya ce ta shigo layi. Kai ko ƙararrawa ba ka iya ba."

"Ai an tuna da mu. Jiya wasu suka zo daga ofis, da mai ɗaukar hoto. Yanzu shara kashi huɗu za a raba ta, kowace da launinta. Sun manna mana takarda a jikin mota, da hoton duniya tana murmushi."

"Sun kawo safar hannu?"

"Sun kawo hula. Koriya, da rubutu."

"Ni fa? Ka ce musu wani abu a kaina?"

Tiburcio ya sosa ƙeya. "Na faɗa. Wata ta duba takardunta ta ce ba ta ga sunanka ba. Ta ce amma tana yi maka fatan samun sauƙi."

"To, madalla. Ka gaya mata na karɓa."

Direban ya juya hularsa a hannu, ya rage murya. Mutum uku sun riga sun zo neman gurbin da ke bayan motar, ya ce, yana ta ja musu rai, amma ba zai iya riƙewa har abada ba.

"Ka riƙe," in ji Doña Leocadia daga bakin ƙofa. "Ni zan hau."

"Doña, da wannan gwiwar taki?"

"Gwiwa za ta ci abinci ne? Ka riƙe na ce."

Chencho ya dubi hannuwanta. Ƙanana ne, duk sun tsattsage saboda wanki. Ya ɗauki kwanonsa ya sauka.

Ranar Juma'a bayan an ci abincin rana, ƙafafun tsohon suka kumbura har fatar tana ƙyalli. Doña Leocadia ta yafa mayafi ta tafi coci kiran fada, limaminsu. Don Fidencio ya shafa haɓarsa da hannun da ya rage.

"Kompadre, aske ni. Ba zan gana da fada ina kama da ɓarawo ba."

Chencho ya ɗebo ruwa a roba, ya kaɗa sabulu, ya shafa masa kumfa. Ya fara daga kuncin hagu. Fatar ta saki, sai ya ja ta da yatsa kafin reza ta bi. Ɗakin shiru, sai rediyon wani ɗaki daga ƙasa. Da ya iso maƙogwaro sai ya tsaya.

"Kompadre. Ledar nan. Tawa ce."

Tsohon yana kallon rufin kwano.

"Kwalbar barkono ce ta fashe mini. Ni na zuba a ciki, na rufe da albasa. Ba mai kantin giya ba ne. Ni ne."

"Ƙarasa gefen nan tukuna. Kumfar na bushewa."

Chencho ya ƙarasa. Bai san yadda aka yi bai yanke shi ba. Ya goge masa fuska da tawul, ya zauna a kan bokitin da aka kife, rezar na hannunsa.

"Ka ɗauka ban sani ba?" in ji Don Fidencio. "Gida arba'in da wani abu a layin nan, kowa da ɗaurinsa. Ta ɗaki na bakwai ɗaurin takalmi take yi. Mai kantin giya ba ya ɗaurewa ma, murɗawa yake ya jefo. Kai kuwa kamar kana ɗaure tsiran nama, murɗi biyu da kunne ɗaya. Ko a duhu na san taka. Ga kuma warin barkono a ciwon, yini guda yana mini zugi."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa a ba ni me? Sabon hannu?" Ya yi tari, ya jira numfashinsa ya dawo. "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Kowace leda sai na latsa ta ta waje kafin in sa hannu. Kowace. Abin da aka fara koya mini ke nan ranar da na hau mota. Ranar nan na ga ɗaurin, na ce wannan ta kompadre ce. Ban latsa ba."

Chencho ya sunkuyar da kai. Ƙato da shi, yana kuka kamar an toshe masa hanci.

"Ka yafe mini."

"Ni ba fada ba ne. Yana zuwa ƙarfe biyar, ka tare shi a matakala."

"Kai nake tambaya."

Ƙuda ya sauka a kan bandejin, Chencho ya kore shi.

"Ban sani ba. Gaskiyar ke nan. Wata rana in tashi in ce ai ba kai kaɗai ba ne, duk layin haka suke yi, allura, reza, ƙusa, taka ce kawai ta zo a ranar. Wata rana kuma in dungun nan ya fara, sai in ji ina so in ga kanka a cikin ganga. Yau wace rana ce?"

"Juma'a."

"To, yau ba na ɗibar irin wannan. Riƙe abinka."

"Zan gaya wa komadre Leocadia. Yau ɗin nan. Ta yi mini duk abin da ta ga dama."

Hannun hagun ya cafko wuyan rigarsa. Chencho bai zaci da sauran ƙarfi haka a jikin ba.

"Ka kuskura. Ka san Leocadia. In ta ji, ba za ta ƙara shan romonka ba ko yunwa za ta kashe ta. Ba za ta taɓa kwalinka ba, ba za ta taɓa gwangwaninka ba, gidan ma sai ta bar shi. Ta je ina? Ɗanmu yana can arewa, ƙetaren iyaka, shekara shida ko waya. Kai kaɗai gare ta. So kake ka sauke kayanka a kanta ka samu barci? A'a. Bar ta ta tsani mai kantin giya, shi bai ma san tana yi ba."

"Kompadre, kullum fa zan riƙa ganin ta."

"Kullum. Rantse."

Chencho ya rantse da Allah da Budurwa Maryamu. Tsohon ya sake shi, ya shafa haɓa.

"Ka bar gashi a nan. Ko aski ba ka iya ba."

Ranar Lahadi da safe, ana ta kiran mutane coci, Doña Leocadia ta sauko har rumfa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya gefen kasko ta ce, "Kompadre, zo ka taya ni miƙe masa ƙafafu."

Litinin aka kai shi. Tiburcio ya wanke motar shara tas, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaura baƙin ƙyalle a madubi, ya biyo bayan akwatin a hankali. Chencho na cikin masu ɗauka, ta gaba a dama. Doña Leocadia ta ce a kaɗa masa ƙararrawarsa har maƙabarta, wani daga cikin 'yan motar ya shiga gaba yana kaɗawa.

A layinsu mutane sun san abin da ake ciki, maza suka cire huluna. Amma da suka sha kwana suka shiga unguwar gaba, sai ƙofofi suka fara buɗewa. Mata suka fito da bokitai da ledoji, wata da abin naɗe gashi a ka, wata tana jan buhu, suna kiran a tsaya. Sai da suka iso bakin titi suka ga akwati. Wasu suka tsaya da sharar a hannu, suka yi alamar gicciye. Wata da ba ta lura ba ta zagaya bayan motar ta wurga ledarta ciki, ta juya abinta.

Doña Leocadia ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta dafa bango, daga nan abin ya juye, sai da Hermelinda ta riƙe ta.

An yi addu'ar kwana tara a tsakar gida. Chencho ne ya sayi kyandir, ya kawo kofi da burodi kullum. Bai tare fada a matakala ba, bai kuma je wurinsa daga baya ba. Kowa ya zo sai ya dafa kafaɗarsa ya ce irinsa sun yi ƙaranci a duniya.

Talatar da ta biyo baya, ƙararrawa ta shigo layi da sassafe. Chencho ya fito da ledarsa. Sau biyu ya zazzage ta a kan tebur kafin ya ɗaure, ɓawon albasa ne da ƙashi da guntun tortiya, ba komai.

Doña Leocadia tana bayan motar, an ɗora ta a kan tudun shara, ta ɗaure siket da igiya, koriyar hular nan a kanta. Mutane na miƙa ledoji, tana karɓa, tana latsa kowace ta waje da tafin hannu, a hankali, irin na wanda jiya aka koya masa. Ta mai kantin giya ta daɗe tana latsawa, tana harararsa.

Chencho ya miƙa tasa.

"Latsa tukuna, komadre."

"Taka? Haba, kompadre."

Ta warware ɗaurin ta zura hannu har gwiwa. Ta lalubo guntayen tortiya ta jefa a buhu, ta juye sauran, ta yi masa murmushi, na farko tun rasuwar.

"Ka ajiye mini kwalin gobe."

Ya buɗe baki. Tiburcio ya danna oda, motar ta ja. Chencho ya bi ta taku biyu, ya tsaya. Mutanen gidan gaba sun riga sun kewaye ta, ledoji baƙaƙe suna ta tashi sama, sun fi ƙarfin hannu biyu, wasu na faɗowa a ƙafafunta. Ta daina latsawa. Ta jawo ɗaya ta yage bakinta, ta kawar da fuska gefe saboda wari, ta sa hannu.

A bayansa man kasko ya fara hayaƙi. Hermelinda na kiran sunansa.